Layi Ɗaya, Ɗalibai Dubbai: Yadda Jami'o'in Amurka Suka Koyi Rabon Intanet a Ɗakunan Kwana

A farkon shekarar 2000, ma'aikatan sashen kwamfuta na Jami'ar Indiana da ke Amurka suka lura cewa layin da ya haɗa jami'arsu da sauran duniya ya cushe, alhali kuwa ba a ƙara yawan ɗalibai ba, ba a kuma buɗe wani sabon sashen bincike ba. Da suka bi sawu sai suka tarar cewa wata manhaja guda ɗaya mai suna Napster, wadda ɗalibai ke amfani da ita a ɗakunan kwanansu domin musayar waƙoƙi, ita ce ke cinye kimanin rabin ƙarfin layin. A watan Fabrairu na wannan shekara jami'ar ta toshe ta. Ba Indiana kaɗai abin ya shafa ba, domin kuwa jami'o'i da dama a ƙasar sun ɗauki irin wannan mataki a daidai wannan lokaci. A wannan darasi za mu duba abin da ya sa manhaja ɗaya ta iya yi wa jami'a sukutum irin wannan ɗaurin, da kuma dalilin da ya sa toshewar ba ta yi magani ba. Batun ya shafi duk wani wuri da mutane da yawa suke tarayya a kan layi ɗaya.

Mene ne faɗin layi?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya fahimci ma'aunin da ake amfani da shi. Duk wani saƙo da kwamfuta ke aikawa, rubutu ne ko hoto ko sauti, ana mayar da shi jerin alamomi biyu, wato 0 da 1. Kowace alama ɗaya sunanta bit, bit takwas kuma su ne bayit ɗaya. Faɗin layi shi ne adadin bit ɗin da layin zai iya wucewa da su cikin daƙiƙa ɗaya. Kamar bututun ruwa ne: komai yawan famfunan da aka jona masa, ruwan da zai fito bai wuce abin da bakin bututun zai iya ɗauka ba.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman wancan zamani. Waƙa mai tsawon minti huɗu a tsarin MP3 takan kai kimanin megabayit 4. Wanda ke gidan iyayensa da modam mai gudun kilobit 56 a daƙiƙa sai ya yi jiran kusan minti goma kafin ya sauke ta. Amma a ƙarshen shekarun 1990 jami'o'in Amurka da yawa sun riga sun ja waya zuwa kowane ɗakin kwana, mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, wanda a lissafi zai sauke wannan waƙa cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu. Ke nan ɗalibin da ke hostal ya fi kusan kowa a garin samun layi mai sauri.

Sai dai akwai wani abu da ɗalibin bai gani. Wayar ɗakinsa ba ta zarce zuwa duniya kai tsaye ba. Dukkan wayoyin ɗakuna da ofisoshi da ɗakunan gwaje-gwaje suna haɗuwa ne a wuri ɗaya, su fita ta layi guda wanda jami'a ke biyan kuɗin hayarsa kowane wata. Wani layi da aka saba haya a lokacin, mai suna T3, yana ɗaukar megabit 45 ne a daƙiƙa. Mu ƙaddara jami'a tana da ɗalibai 5,000 a ɗakunan kwana da irin wannan layi ɗaya. In aka raba daidai, kowa zai tashi da kilobit 9 a daƙiƙa, abin da bai ko kai kashi ɗaya cikin shida na gudun modam ba. In kuma kwamfuta biyar kacal suka yi ta aiki da iyakar gudunsu, to sun cika layin, sauran 4,995 sai jira.

To me ya sa ba a ji a jika ba tun farko? Saboda yadda mutum ke karanta shafin intanet. Yakan buɗe shafi cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya yi minti ɗaya ko biyu yana karantawa, layin kuwa yana hutawa a wannan tsakani. Injiniyoyi sun gina lissafinsu a kan cewa ba kowa zai nemi layi a lokaci ɗaya ba, kamar yadda banki ba ya ajiye tsabar kuɗin da zai biya dukkan masu ajiya a rana ɗaya. Wannan zato ne musayar fayiloli ta rushe.

Tsarin ba-ni-in-ba-ka

A tsarin da aka saba, akwai babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda ke riƙe da fayiloli, sauran kwamfutoci kuma su je su roƙa. Napster, wadda wani ɗalibin Jami'ar Northeastern da ke Boston mai suna Shawn Fanning ya rubuta aka kuma sake ta a watan Yunin 1999, ta sauya wannan. Uwar garken Napster ba ta ajiye waƙa ko ɗaya. Abin da take riƙewa shi ne jerin sunaye: wane yana da waƙa kaza, wane yana da kaza. Idan ka nemi waƙa sai ta nuna maka kwamfutar da ke da ita, ku biyun ku haɗu kai tsaye. Kowace kwamfuta mai karɓa ce kuma mai bayarwa ce. Shi ya sa za mu kira shi tsarin ba-ni-in-ba-ka.

Abubuwa biyu suka biyo baya. Na farko, manhaja ba ta gajiya kuma ba ta tsayawa karatu. Ɗalibi zai jera waƙoƙi hamsin ya tafi lacca, ko ya kwanta barci, kwamfutarsa na ta aiki dare da rana. Na biyu, wanda ya fi ba jami'o'i mamaki, shi ne cewa mafi yawan nauyin fita waje yake yi. Duk mai neman waƙa a ko'ina cikin duniya zai fi son ya ɗauko daga kwamfuta mai layi mai sauri, kwamfutocin ɗakunan kwanan jami'a kuwa su ne kan gaba. Ga kuma halin ɗan Adam: a shekarar 2000 masu bincike biyu na cibiyar Xerox PARC, Eytan Adar da Bernardo Huberman, sun auna wani tsarin musaya mai suna Gnutella, suka gano cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na masu amfani da shi ba sa ba da fayil ko ɗaya, karɓa kawai suke yi. Nauyin bayarwa ya faɗa kan 'yan tsiraru. Ta haka jami'a ta wayi gari tana biyan hayar layi domin ta ciyar da baƙin da ba ta san su ba.

Akwai ma'auni mai kyau a kan wannan. A shekarar 2002 masana a Jami'ar Washington da ke Seattle suka auna duk abin da ya shiga ya fita ta layin jami'arsu na tsawon kwana tara. Manhajar Kazaa, wadda ta gaji Napster a farin jini, ta ɗauki kusan kashi 37 cikin ɗari na bayit ɗin da suka wuce, shafukan intanet na yau da kullum kuwa kimanin kashi 14 kawai. Lokacin ma an wuce waƙa an koma fim, fim ɗaya kuwa yakan kai megabayit 700, wato zai riƙe layin T3 gaba ɗayansa na fiye da minti biyu.

Inda adalcin na'ura ya gaza

A nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin nan ne asalin matsalar take, kuma nan ne aka fi yin kuskuren fahimta.

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi ƙananan ƙunshi, kowanne bai wuce kimanin bayit 1,500 ba, a aika su ɗaya bayan ɗaya. A bakin layin fita akwai na'urar da ke karɓar ƙunshin ta tura su waje. In sun zo da yawa fiye da yadda layi zai ɗauka, sai ta jera su a jerin gwano, in ma'ajiyarta ta cika kuma sai ta zubar da waɗanda suka zo daga baya. A watan Oktoban 1986 intanet ta taɓa durƙushewa saboda haka, har gudun layin da ke tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, wurare biyu masu maƙwabtaka da juna, ya faɗo daga kilobit 32 a daƙiƙa zuwa bit 40. Van Jacobson ne ya fito da maganin da aka wallafa a 1988, aka sa shi cikin ƙa'idar aika saƙo da ake kira TCP. Dabarar mai sauƙi ce. Mai aikawa zai riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan, da zarar ya ga ƙunshi ya ɓata sai ya rage gudunsa da rabi, sannan ya sake hawa a hankali. Idan kowa ya bi wannan, masu amfani da layi sukan tashi da rabo kusan daidai.

Amma su wane ne ake raba wa? Ƙa'idar TCP ba ta san mutum ba, mahaɗa ta sani, wato kowace tattaunawa ɗaya tsakanin kwamfuta biyu. Ɗalibar da ke sauke takardar bincike daga ɗakin karatu tana da mahaɗa ɗaya. Manhajar musaya kuwa, musamman Kazaa da BitTorrent wadda Bram Cohen ya fitar a 2001, takan yanka fayil gunduwa-gunduwa ta nemo kowace gunduwa daga kwamfuta daban, saboda haka takan buɗe mahaɗa masu yawa a lokaci guda. Mu ɗauki ɗalibai 100, 90 daga cikinsu kowa na da mahaɗa ɗaya, goma kuma kowa na da 30. Jimilla mahaɗa 390 ke nan. Na'ura za ta raba daidai tsakanin 390 ɗin, ta yi zaton ta yi adalci, alhali mutum goma sun tafi da 300, wato kimanin kashi 77 cikin ɗari na layin. Kamar a ce ana rabon ruwa a famfon unguwa bisa ƙa'idar kowane bokiti a cika shi bi da bi, sai wani ya zo da bokiti ɗaya, wani ya zo da kura cike da jarkoki. Ba wanda ya karya doka a cikinsu, dokar ce ta ƙidaya abin da bai kamata ta ƙidaya ba. Wani injiniyan kamfanin sadarwa na Birtaniya, Bob Briscoe, ya yi rubutu mai zafi a kan wannan a 2007, inda ya nuna cewa daidaita gudun mahaɗa ba shi ne adalci tsakanin mutane ba.

Toshewa da sakamakonta

Matakin farko da jami'o'i suka ɗauka shi ne toshewa. Kowane ƙunshi yana ɗauke da wata lamba da ake kira lambar ƙofa, wadda ke nuna irin aikin da yake yi. A wancan lokaci shafukan intanet suna bin ƙofa ta 80, Napster takan bi 6699, Gnutella 6346, Kazaa 1214, BitTorrent kuma daga 6881 zuwa 6889. Sai a umurci na'urar bakin layi ta hana waɗannan ƙofofi wucewa. Abin ya yi aiki na ɗan lokaci, kafin marubuta manhajojin su koya musu sauya ƙofa, har ma da fakewa a ƙofa ta 80 wadda ba mai iya rufe ta. Daga nan jami'o'i suka shiga sayen na'urori irin PacketShaper na kamfanin Packeteer, masu leƙa cikin ƙunshi su gane manhajar da ta aiko shi, su rage mata gudu. Zuwa 2006 manhajojin BitTorrent suka fara rufe ƙunshinsu da rubutun sirri yadda leƙen ba zai yi amfani ba. Kowane gyara na jami'a yana cin kuɗi da watanni, martanin ɗaya ɓangaren kuwa sabuwar manhaja ce da ake saukewa kyauta.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne shari'a. A watan Afrilun 2000 mawaƙan Metallica suka kai Napster ƙara, suka haɗa da jami'o'in Yale da Indiana da Kudancin Kalifoniya. Indiana, wadda ta riga ta sake buɗe Napster bayan an yi gyaran da zai rage nauyinta a layi, ta koma ta rufe. Wasu jami'o'i, irin su MIT da Stanford, sun ƙi toshewa da lauyan mawaƙan ya nema daga baya a wannan shekara. Hukuncin kotu ya sa Napster ta tsaya a watan Yulin 2001, amma kamar yadda alƙaluman Washington suka nuna, cunkoson bai tafi tare da ita ba. A watan Afrilun 2003 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta kai ƙarar ɗalibai huɗu na Princeton da Rensselaer da Jami'ar Fasaha ta Michigan, aka sasanta a kan kowannensu ya biya tsakanin dala 12,000 zuwa 17,500. A wannan shekara Jami'ar Florida ta girka wani tsari mai suna ICARUS, wanda ke yanke layin ɗalibin da aka kama yana musaya na minti 30 a karon farko, kwana biyar a karo na biyu. Dokar ilimi mai zurfi ta 2008 kuma ta wajabta wa jami'o'in ƙasar su tanadi shirin yaƙi da rarraba kayan da ke da haƙƙin mallaka ba da izini ba.

A ganina haɗa waɗannan batutuwa biyu wuri ɗaya ya jinkirta gano mafita. Haƙƙin mallaka tambaya ce a kan abin da ke cikin fayil, cunkoso kuwa tambaya ce a kan girmansa da lokacin da aka aika shi. Ɗalibin da ke rarraba manhajar Linux, wadda masu ita suka halatta rarrabawa, zai iya cushe layi, wanda ya saci waƙa ɗaya kuwa ba wanda zai ji nauyinsa.

Ƙidaya mutum maimakon manhaja

Hanyar da ta ɗore ita ce a daina tambayar wace manhaja ce, a koma tambayar nawa kowane mutum ya ɗauka. Jami'ar Cornell ta bi wannan tafarki a 2003, inda ta ba kowace kwamfuta gigabayit 2 a wata, wanda ya wuce haka ya biya kuɗi a kan kowane ƙarin megabayit. Wasu jami'o'in ba su sa kuɗi ba, sai suka yanka wa kowane ɗalibi kaso na rana ko na mako, in ya cinye a rage masa gudu har lokacin ya zagayo. Amfanin wannan shi ne babu buƙatar leƙa saƙon kowa, sauya ƙofa ko rubutun sirri kuma ba ya kuɓutar da kowa, domin bayit bayit ne ko da wace riga ya sa.

Dabarar da na'urori suka fi amfani da ita wajen wannan ana iya kwatanta ta da randa. A ba kowane ɗalibi randa wadda ruwa ke ɗiga a cikinta a kai a kai, in ta cika ɗigon ya tsaya. Duk bayit ɗin da zai aika ko ya karɓa sai ya ɗebi daidai da shi daga randar. Mu ce randar na ɗaukar megabayit 100, ɗigon kuma megabit ɗaya ne a daƙiƙa. Mai buɗe shafuka da sauke takardu kullum randarsa a cike take, saboda haka duk abin da ya nema zai zo masa da iyakar gudun wayar ɗakinsa, ba zai ma san akwai wata iyaka ba. Mai sauke fim kuwa zai samu megabayit 100 na farko da sauri, daga nan sai ya koma bin ɗigo, sauran megabayit 600 su ɗauke shi kimanin awa ɗaya da minti ashirin. Ba a hana shi ba, an dai hana shi ya tare hanya.

Wannan ma yana da aibinsa. Kason wata-wata yana hukunta wanda ya sauke fayil da ƙarfe ukun dare, lokacin da layin yake a wofi kuma bai takura kowa ba. Ƙarfin layin da ba a yi amfani da shi ba a wannan daƙiƙa ba a iya ajiye shi sai gobe, ya tafi ke nan. Saboda haka tsari mafi kyau shi ne wanda ke aiki a lokacin cunkoso kawai: kowane ɗalibi a ba shi nasa jerin gwanon, na'ura ta riƙa ɗaukar ƙunshi daga kowanne bi da bi, in ba kowa a layi kuma mutum ɗaya ya kwashi duka. Abin sha'awa, masu BitTorrent da kansu sun zo sun yarda da haka. Sun fito da wata ƙa'ida da ke auna jinkirin ƙunshi, da zarar ta ga jerin gwano ya fara tsawo sai ta ja da baya ta ba sauran saƙonni hanya. An wallafa ta a hukumance a 2012 da sunan LEDBAT.

Saura abu ɗaya da masanan Washington suka gano, wanda ni a wurina ya fi sauran ban mamaki. A wani bincike na biyu da suka wallafa a 2003, bayan sun bi zirga-zirgar Kazaa ta kwana 200, sun tarar cewa kashi 86 cikin ɗari na bayit ɗin da aka sauko da su daga waje suna nan a wata kwamfuta cikin jami'ar a lokacin da aka nema. Wato ɗalibi na jawo fim daga wata nahiya ta layi mai tsada, alhali fim ɗin na ɗakin da ke kusa da nasa, inda wayar cikin gida ke da faɗi kuma ba a biyan haya a kanta. Laifin ba na tsarin ba-ni-in-ba-ka ba ne, na manhajar da ba ta bambanta kusa da nesa ba ne. Kamfanin Microsoft ya yi amfani da wannan darasi a Windows 10 da ya fito a 2015, inda kwamfutocin da ke kan waya ɗaya suke miƙa wa juna sabuntawar manhaja maimakon kowace ta sauko da tata daga waje.

Daga baya kallon bidiyo kai tsaye ya karɓe gaba a cin layi, musayar fayiloli ta ja baya, amma lissafin bai sauya ba, musamman a jami'o'inmu inda layin waje yake da tsada idan aka kwatanta da yawan masu jira. Ɗalibanmu ma sun daɗe da gano rabin maganin da kansu, domin kuwa wanda ya tura wa abokinsa fim ko littafin darasi ta Xender ko Bluetooth, waya zuwa waya, bai taɓa layin jami'a ba ko da bit ɗaya. Abin da ya rage ga masu kula da layin shi ne su ajiye kayan da aka fi nema, kamar littattafai da bidiyon lacca da sabuntawar manhajoji, a uwar garke ta cikin gida, sannan su auna abin da ke fita waje da sunan kowane mai amfani, awa bayan awa, kafin su yanke shawarar abin da za su taƙaita.